Wa Ya Kira Duna?

Da sassafe aka tsinci tsohon Kafinta kwance a bakin rumfar injinsa, ƙeya a fashe, dusar katakon da ke ƙarƙashin kansa ta sha jini har ta yi baƙi. Wanda aka tarar durƙushe a kansa, riga jina-jina, ga guntun rodi a hannu, ƙanina ne, Auta mai walda.

Ni tela ce, shagona na fuskantar nasu, kuma ni na goyi Auta tun rasuwar mahaifiyarmu, don haka na san abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Kaza ma sai ya nemo mai yanka masa. Sai dai Allah Ya ba shi baki mara linzami. Kwanan nan, a gaban kowa, ya tsaya jikin langa-langan da ya raba shi da Kafinta yana rantsuwa wata rana sai ya fasa kan karen Kafinta, ya haɗa da na mai shi. Laifin karen, wai ya yi masa fitsari a jikin ƙofar da ya gama wa fenti. Ranar dariya aka yi. Yau kowa ya tuna maganar, har da waɗanda ba sa wurin.

Kafin motar da ta ɗauki tsohon ta ɓace, layin ya cika. Dattijon layinmu ya yi dabara, ya tura Auta cikin shagonsa ya datse kwaɗo, ya zura makulli a aljihu, ya ɗauko kujera ya zauna a bakin ƙofar. Ya ce an aika wa ’yan sanda, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya motsa. Mai nama ya zo da wuƙarsa a ƙugu, wai daga wurin aiki yake. Wasu matasa suka gangaro da tsohuwar taya suka zauna a kai, kamar wurin zama kawai suka rasa.

Abin da ya fi tayar mini da tsigar jiki shi ne ba ihu suke yi ba. Lallashi suke yi.

“Auta, fito mu yi magana mana.”

“Haba ɗan’uwa, mu ne fa. Ba abin da za a yi maka, fito.”

Mutanen da yake cin abinci kwano ɗaya da su ke nan. Mai nama ya dube ni ya ce, “Tela, labari muke jira daga asibiti. In tsoho ya tashi, hukuma ta yi aikinta. In bai tashi ba…” Ya gyara zaman wuƙarsa.

Na manna bakina a tsagar ƙofa na kira ƙanina.

“Yaya, wallahi kukan kare na ji, ya ƙi ƙarewa, na haura na gan shi kwance. Rodin daga tarin ƙarafana yake, shi ya sa na ɗauka.”

“Uban wa ya aike ka ka ɗauka?”

“Yaya, kada ki tafi.”

Na tafi, don tsayuwata ba za ta tare taya da wuƙa ba.

*

Mai-sawu a bayan kasuwar dabbobi yake zaune. In an kore wa mutum shanu ko an haura masa garke, shi ake nema ya bi sawun ɓarayi. Gajere ne, sa’an mahaifinmu, ƙafarsa ɗaya na ja, kuma kullum da tsinken tsintsiya a bayan kunnensa. Na zayyana masa komai ina haki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tsaya neman hularsa. Da zan iya, da na saɓe shi a kafaɗa.

A hanya na ɗauka zai tambaye ni abokan gabar Kafinta. Sai cewa ya yi, “Karen nan, wa yake ji wa kira?”

“Baba, mutum ake shirin ƙonawa, kai kana tambayar kare?”

“Na ji, ’yata. Wa yake ji wa kira?”

Dole na faɗa masa, don a kan idona aka yi komai. Duna tun yana ɗan kwikwiyo Kafinta ya tsince shi, ya ɗauki koya masa amsa kira kamar wani aikin ofis. Zai ɗaura masa doguwar igiya, ya ja baya, ya durƙusa a kan tsofaffin gwiwoyinsa, ya ce “Duna, zo,” sau ɗaya tak, sannan ya yi shiru. In karen ya zo ya zauna a gabansa, sai guntun nama da shafa kai, har da kirari. Ko ya yi yawonsa ya ƙoshi kafin ya zo, haka za a tarbe shi kamar baƙon da aka daɗe ana jira. Daga baya aka cire igiya, aka koma kira daga bayan tarin katako, daga bakin titi, ana tsaka da ƙarar inji. Muna daga shaguna muna dariya, muna cewa saura a saya masa allo.

“Tsohon yana da doka,” na ce. “Ba a kiran Duna don a dake shi, ko a ɗaure shi, ko a yi masa wanka. In abin da ba ya so ne, kai za ka taka ka je ka kamo shi. Wai kira alkawari ne. Kuma mutum uku kawai ya yarda su kira shi: ’yarsa Malama, mijinta Direba, sai ɗan wansa da ya riƙe, Ɗan-baba. Mu sauran ko maƙogwaronmu zai tsage, kallon banza ma ba mu ishe shi ba.”

“Ƙaninki fa?”

“Jifa ne tsakaninsu.”

Mai-sawu ya ce, “Madalla da jifa.”

*

Gaban filin Kafinta an tattake shi kamar kasuwa. Mai-sawu ya yi tsaki ya wuce. Sa’armu ɗaya, kafin Malama ta bi mahaifinta asibiti ta ja ƙyauren da ya raba gaba da baya, ga kuma yayyafin jiya ya jiƙa dusar katakon, kowane taku ya zauna raɗau. Ya sa na cire takalmi na tsaya a kan wani falanki, shi kuwa ya shiga yana duƙe, tsinke a hannu.

Ya nuna mini sawun silifas ɗin Auta, daga langa-langa kai tsaye zuwa inda tsohon ya faɗi, taku a warwatse na mai gudu. Ya nuna mini wani sawun daban, na takalmin roba mai tsawo, ya bi jikin langa-langa inda ƙarafan Auta suka leƙo ta ƙasa, ya nufi rumfar inji. Na ce to ai sai a bi takalmin. Ya ɗaga tsinke ya nuna bango. Takalman roba ne rataye a jere, iri ɗaya, na duk wanda zai shiga aiki. Ƙafa biyu daga ciki da danshi a gindinsu.

“Kowa zai iya zurawa,” ya ce. “Har ƙaninki, haka za su ce a waje. Zo ki ga wannan.”

Daga ƙarƙashin tarin katako, inda Duna ke kwana, sawun kare ya miƙe sak, da tazara mai faɗi, har bakin ɗakin fenti. A nan ya ƙare gaban takalmin roba. Akwai ɗan gurbi inda ya zauna, bayan gurbin kuma dusar ta sharu hagu da dama, sumul, kamar an bi da mafici.

“Wutsiya ce,” in ji Mai-sawu. “Da gudu ya zo, ya zauna, yana murna.”

Taku ɗaya gaba, komai ya dagule. Ga jan farata, ga inda aka ja shi yana turjewa, ga inda ya faɗi ta haƙarƙari. A cikin ɗakin fenti wayar lantarki na ɗaure jikin taga, da gashi baƙi a maƙale. Nan Malama ta same shi da safe ta kwance shi. Wanda ya fasa kan tsohon ba baƙo ba ne, a kwanonsa yake ci.

Mai-sawu bai gama ba. Ya bi sawun safiya, na bayan an kwance karen. Karen ya ruga inda maigidansa ke kwance, ya dawo gun ƙaramin takalmin mace, ya je gun wani sawun namiji ya zagaye shi kusa-kusa. Daga nan, a fili fetal ba komai a gabansa, ya yi wata doguwar kwana kamar mai kauce wa rami, ya shige ƙarƙashin katako.

“Me ya kauce wa, Baba?”

Ya daɗe yana kallon tsakiyar kwanar, inda wani ya tsaya ƙafa a haɗe. Ya mayar da tsinken bayan kunne.

“Mu je mu gaisa da mutanen gida.”

*

Direba muka fara samu, ya dawo daga asibiti ɗaukar kaya. Ƙato ne mai saurin fushi, kuma duk layin ya san sun yi ta sa-in-sa da surukinsa, don yana so a rufe aikin katako a mayar da filin wurin ajiye manyan motoci. A bayan hannunsa akwai sabon karce. Ni dai a zuciyata har na ɗaure shi na miƙa.

“Me ya same ka a hannu?” in ji Mai-sawu.

“Igiyar lodi ce. Ko ita ma za ka bi sawunta?”

“An ce ba kwa ga maciji da tsoho.”

“An ce! Su wa? Jiya da la’asar a nan ya tara mu, ya ce ya gaji, idonsa ya daina ganin layin zarto, in yi abin da na ga dama da filin. To in kashe shi a kan me, a kan ya ba ni?”

“Su wa ya tara?”

“Ni, da matata, da Ɗan-baba.”

Mai-sawu ya gyaɗa kai, idonsa na ƙasa. Na lura tun da muka shigo fuskar kowa bai kalla ba, ƙafafu yake kallo.

Ɗan-baba yana zaune a cikin shago tsakanin kujerun da ba a gama ba, ido jawur. Mutum ne mai sanyi, ya kusa arba’in amma har yau ba ya zama in tsohon na tsaye. Tun yana yaro yake wannan filin, rabin gadajen unguwarmu hannunsa ne. Da ya gan ni ya miƙe ya ɗebo mini ruwa.

“Yaya Tela, ki yi haƙuri. Ni na san Auta ba zai aikata ba.”

Duk yinin nan shi kaɗai ya faɗa mini haka. Hawaye suka zubo mini, na yi ta sa masa albarka.

“Kai ka fi kowa sabo da karen, ko?” in ji Mai-sawu.

“Ni nake riƙe igiya lokacin da Baba ke koya masa.”

“Ya ci abinci yau?”

“Ban duba ba.”

“To ka kira shi mana ya ci. Yana can ƙarƙashin katako tun safe.”

Ɗan-baba ya dubi ƙyauren baya, ya sauke kai. “A bar shi ya huce tukuna, Baba. Ya firgita.”

“Haka ne,” in ji Mai-sawu. “Ya firgita.”

*

Rana ta karkata, ’yan sanda shiru, taron kuwa ƙaruwa yake yi. An kawo jarka an ajiye kusa da tayar, ba wanda ya ce ga mai ita. Dattijo na kan kujerarsa, amma zufa ta jiƙa masa hula. Har yanzu ana kiran Auta da muryar nan mai taushi.

Sai ga Malama ta sauko daga mota a bakin layi, ita kaɗai, rungume da hular mahaifinta. Tafiyarta kawai na gani na san tsohon ya cika. Mai-sawu, gurgun da ya kusa kashe ni da jinkiri da safe, ban san lokacin da ya tsallaka titi ya sha gabanta ba.

“’Yata, na gani a fuskarki. Allah Ya jiƙansa. Amma in kika buɗe baki a nan, gawa biyu za a yi yau, kuma ta biyun ba ta da laifi. Ki riƙe kukan nan na ɗan lokaci. Ki ara mini muryarki.”

Ta dube shi, ta dubi jarkar. Da aka yi mata caa da tambaya sai ta ce, “Ku bari in shiga gida tukuna.” Ban taɓa ganin ƙarfin hali irin na matar nan ba.

Mai-sawu ya sa aka buɗe ƙyauren baya. Ya ce Dattijo ya zo da makullinsa a aljihu, mai nama ya zo, duk mai son gani ya tsaya iya bakin ƙyaure. Ya nuna musu gurbin zama da sharar wutsiya, ya ce wanda ya yi aikin nan sai da ya fara kiran kare ya ɗaure, kuma karen ya zo masa da murna.

“Nama aka nuna masa,” in ji mai nama. “Wane kare ne zai ƙi nama?”

“Kai ne gwani. Bismillah.”

Aka kawo tsoka. Mai nama ya durƙusa yana kaɗa ta, ya yi fito, ya kira Duna har muryarsa ta dushe. Daga ƙarƙashin katako idanu biyu kawai ake gani, ko ƙiftawa ba sa yi. Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta da sauri.

“Wanda yake jifansa kullum ne zai kira shi ya zo yana kaɗa wutsiya?” in ji Mai-sawu. “Malama, kira shi.”

Ta durƙusa yadda mahaifinta ke yi. “Duna, zo.”

Ya fito kamar an harbo shi, yana ɗingishi, wuyansa a saɓule inda waya ta ci. Ya zauna a gabanta, wutsiya na share dusa. Ta shafa kansa. Direba ya koma can gefe ya kira da muryarsa mai kauri, karen ya je ya zauna, ya lashi hannun nan mai karce.

“Saura kai, ɗana.”

Ɗan-baba bai motsa ba. “Ya gaji, Baba.”

“Sau ɗaya ne. Ai ka san doka.”

Ya taka a hankali zuwa tsakiyar fili. Ya durƙusa. Murya ta fito masa siririya. “Duna, zo.”

Na ɗauka karen zai gudu, ko ya yi haushi. Da ma haka ya yi, da ya fi sauƙin kallo. Zuwa ya yi. Abin da aka koya masa tun yana kwikwiyo ya fi ƙarfinsa. Ya kwantar da ciki a ƙasa, kunnuwa a manne, wutsiya a matse tsakanin cinyoyi, ya dinga jan jiki yana wani siririn kuka. Daidai inda hannu ba zai kai ba ya tsaya. Bai zauna ba. Ya karkatar da wuyansa gefe, fitsari na bin ƙafarsa, jikinsa duk yana ɓari.



“Da safe ma haka ya kauce maka,” in ji Mai-sawu a hankali. “Ga kwanar can, ga sawun silifas ɗinka a tsakiya, mai cinyayyen dunduniyar hagu. Baƙo da guba zai zo. Kai ba ka iya kashe shi ba, sai ka kira shi.”

Ɗan-baba ya miƙa hannu wajen karen, karen ya ja baya. Sai ya kifa fuskarsa a dusar.

“Injin kawai na zo kwancewa,” ya ce cikin kuka. “Da shi zan fara wani wuri. Rayuwata duka a filin nan take, jiya aka bayar da shi ina tsaye, ko sunana ba a ambata ba. Rodin don fasa kwaɗo na ɗauko. Sai ga Baba ya shigo da wuri, ya riƙe mini riga, ya ce mini ɓarawo. Ni, ɓarawo.” Ya ɗago ya dubi Malama. “Yaya, ya farka?”

A nan kukan da ta riƙe ya ƙwace mata. Taron ya motsa kamar zai shigo, ta miƙe tsaye da hawayenta ta tare ƙyaure.

“Ba wanda zai zubar da wani jini a filin ubana. Na yau ya isa.”

Direba ya kama Ɗan-baba ya shigar da shi ɗakin fenti, ya tsaya a ƙofa da faɗin ƙirjinsa har hukuma ta iso. Ni kuwa sai na tuna albarkar da na sa masa ɗazu.

*

Kafin mu fito, tayar ta ɓace, jarkar ma ta sami mai ita. Jama’a suka dinga sulalewa, kowa ya tuna yana da aiki. Mai nama ya zo zai yi mini magana, na dube shi tun daga hula har wuƙa, ya fasa.

Dattijo ya buɗe kwaɗo ya tura ƙofa. Ciki duhu, sai warin ƙarfe da zufa.

“Auta, fito! An gama, an kama mai laifi,” in ji Dattijo.

Shiru.

“Auta, ni ce fa. Fito mana, ba abin da za a yi maka!”

Sai da maganar ta fita na ji irin ta masu lallashin ɗazu ce. Can bayan injin walda na hango shi a takure, ya rungume gwiwoyi, yana kallon hasken ƙofa kamar wuta ce. Raina ya ɓaci, tausayi ya kama ni, na cika baki zan daka masa tsawa yadda na saba tun yana ƙarami. Mai-sawu ya taɓa mini gefen mayafi da tsinkensa.

“Tun safe ake kiransa, ’yata.”

Na haɗiye tsawar. Na ce Dattijo ya janye sauran masu leƙe. Na cire takalmina, na zauna dirshan a bakin ƙofar a kan ƙurar ƙarfe, da sabon zanina. Na kira shi sau ɗaya, da sunan da mahaifiyarmu ke kiransa, wanda ba kowa a layin nan ya sani ba. Sannan na yi shiru.

Aka daɗe. Inuwar shagona ta tsallako titi ta rufe mini ƙafafu. Har na fara tunanin ba zai zo ba, sai na ji ƙarfe ya motsa a ciki.

Da rarrafe ya iso, gardi mai gemu, ya ɗora kansa a cinyata. Ina da faɗa cike da baki, na rodi, na rantsuwar banza, na shekara da shekaru. Ban faɗi ko ɗaya ba. Kansa kawai na shafa.